Ƙonannen Man Ƙosai a Tankin Injin Baba

"Mai ai ba ya mutuwa, ɗan nan."

Abin da Goggo mai ƙosai ta ce da ni ke nan ranar da na fara durƙusawa gaban kaskonta na roƙi ta sayar mini da man da ta gama suya da shi. Ta dube ni, ta dubi kaskon, ta ci gaba da tsame ƙosanta da matsami. Ta fi shekara talatin tana suya a bakin tashar ƙauyenmu, kuma a iya tunaninta ba ta taɓa zubar da mai ba. In ya ja baya, a ƙara sabo a kai. In ya yi duhu, a tace da ƙyalle. In ya yi baƙin da zai ɓata fuskar ƙosai, a ɗura a kwalba, akwai masu jiransa. Na tashi da ƙosaina a takarda, ban samu ko cokali ɗaya na mai ba. A duk harkar nan babu abin da ya ba ni wuya kamar wannan magana tata, amma bari in faro daga farko.

Injin niƙan da nake ciyar da gidanmu da shi ya girme ni. Lista ne mai silinda ɗaya, ƙirar Indiya, mai manyan tayoyin ƙarfe biyu, irin wanda sai ka wana shi da hannu har kafaɗarka ta yi zafi kafin ya kama. Baba, Allah ya jiƙansa, shi ya kafa shi a rumfar kwano a ƙauyenmu da ke tsakanin Wudil da Gaya. Bel ɗaya na jan na gari, ɗaya na jan na markaɗe. Da na gama difloma a fannin aikin ɗakin gwaje-gwaje, aiki bai samu ba, jikin Baba kuma ya ƙi, sai na karɓi rumfar.

A ƙarshen 2021 litar gas, wato dizal, ba ta kai naira 300 ba. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, kafin shekarar ta fita ta haura 700. Shi gas dama ba ya cikin tallafin da ake yi wa fetur a lokacin, saboda haka duk iskar da ta kaɗa a kasuwar duniya kai tsaye take shigowa rumfata. Zuwa 2024 an wuce dubu. Ni kuwa ba a gidan mai nake saye ba, wurin 'yan bumburutu nake auna galan, da nasu ƙarin a kai. Duk sanda na ƙara kuɗin niƙa, sai in ga yarinya ta zo da kwanon dawa da tsohon kuɗi ƙulle a bakin mayafi, ta ce Inna ta ce a yi haƙuri. Wasu gidajen suka koma turmi da taɓarya. Da asuba sai ka ji daka na tashi daga kowane lungu, kuma na san ba sha'awa ce ta mayar da su ba.

Malamin da ya koya mana kimiyyar sinadarai a sakandare ya yi ritaya, noma yake yi yanzu, yakan zo da niƙansa ya zauna a benci. Wata rana ya tarar da ni na kifa galan a bakin tanki ina jiran ɗigon ƙarshe.

"Ka san da man gyaɗa aka taɓa tayar da kakan injin nan?"

"Allah ya gafarta Malam, man gyaɗa dai na miya?"

"Shi fa."

Ya ba ni labarin Rudolf Diesel, Bajamushen da injin ke ɗauke da sunansa. A baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris a 1900, an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, don ƙasashen da take mulka a Afirka suna noman gyaɗa, tana so ta ga ko za a iya juya inji a can ba tare da an yi dakon mai daga Turai ba. Na yi shiru ina tunanin kakana, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kora jakai da buhunan gyaɗa. A 1912 aka buɗe layin dogo zuwa Kano, gyaɗarmu ta riƙa tafiya Ikko, dala ta tashi a birni, mu kuma jikokinsu muna nan muna kifa galan.

Malam ya katse ni da gargaɗi. Ya ce kada in kuskura in je in juye man miya a tanki haka nan. Man girki ya fi gas kauri kusan sau goma. Nozul ɗin inji feshi yake yi kamar hazo, in mai ya yi kauri sai ya riƙa ɗiga maimakon feshi, ba ya ƙonewa duka, ya bar baƙin dasƙare a bakin nozul da zoben fistin, a hankali inji ya shaƙe. Sai an fara sirantar da man. Ya ɗauki tsinke ya zana mini a ƙasa: kowane ƙwayar mai kamar awaki uku ne ɗaure a turke ɗaya, shi ya sa ba sa iya gudu. Turken shi ne gilisarin. Aikinka ka kwance su, kowace ta tafi ita kaɗai da 'yar igiyarta. Metanol, wani nau'in sifirit, shi ne sabuwar igiyar, sodar sabulu kuma ita ce hannun da ke kwance ƙullin. Awakin da aka saki su ne bayodizal, turakun kuma nauyi ya kai su ƙasan duro. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Wani masani ɗan Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistar irinta tun 1937, da manja ya yi nasa.

Soda ba ta yi wuyar samu ba, matan da ke haɗa sabulu a gida duk sun san inda ake sayar da ita. Metanol kam sai da na shiga birni wurin masu sayar da sinadarai. Man farko kuwa daga gidanmu ya fito, ragowar suyar awarar maiɗakina, lita ɗaya cif. Na ɗumama shi, na narkar da soda a mil 200 na metanol, na haɗa a gorar roba mai kauri, na toshe, na girgiza. Na ajiye na kwanta da zumuɗi. Da safe, maimakon in ga hawa biyu, sai na tarar da abu guda mai kauri, launin ƙasa, kamar kunun da ya kwana. Na kai wa Malam. Ya karkata gorar, abin bai ko motsa ba.

"Ɗana, sabulu ka yi."

Abu biyu ne ke jawo haka, kuma duk wanda zai taɓa wannan aiki da su zai yi ta fama. Na farko ruwa. Awara jiƙe take shiga kasko, ƙullun ƙosai ma haka, kifi ma haka, kuma ba duk ruwan ne ke fita ba. Ruwa da soda da mai in suka haɗu, sabulu suke bayarwa, kowace mace ta san wannan. Maganinsa a tace man da ƙyalle mai kyau, a bar shi ya kwanta kwana biyu ko uku, a tsiyaye na sama, sannan a ɗora a wuta ya ɗan haura digiri 100. Za ka ji yana tsartsatsi yana ƙara kamar an jefa albasa. Kada ka sauke sai ya yi tsit. Shirun nan shi ne shaidar ruwa ya fita.

Na biyu tsami. Mai in ya sha wuta sau da yawa, wasu daga awakin nan sukan tsinke da kansu su zama asid, kuma wannan asid ɗin cinye soda yake yi. Saboda haka man da ya tsufa ya fi sabo buƙatar soda, kuma ba a cewa "zuba kamar haka". Sai an auna kowane mai da kansa. Wannan awon shi ne wurin da na fi jin daɗi a aikin gaba ɗaya. Ina narkar da giram ɗaya na soda a lita ɗaya ta tataccen ruwa, in ajiye a kwalba. A ƙaramin kofin gilashi in zuba mil 10 na aisofurofil, wani nau'in sifirit ne, in ɗiga mil ɗaya na man da sirinji, in juya har ya narke. A makaranta akwai sinadarin da ake ɗigawa ya canja launi, mu ba mu da shi, sai Malam ya aika gida aka kawo garin kurkur. Ɗan kaɗan a bakin tsinke ya mai da kofin ruwan ɗorawa. Daga nan sai in ɗauki wani sirinjin in riƙa ɗiga ruwan sodar, ɗigo ɗigo, ina kaɗawa. Kowane ɗigo in ya faɗa sai ja ya bayyana ya ɓace, ya bayyana ya ɓace, har a zo ɗigon da jan zai tsaya ya ƙi tafiya. Nan zan duba sirinji. Mil nawa suka tafi? Wannan adadin shi ne giram ɗin sodar da zan ƙara a kan giram 3.5 na asali da ko sabon mai ke buƙata, a kowace litar mai. Man Goggo yakan ci mil biyu, wato giram 5.5 ke nan. Man masu suyar kifi na bakin gadar Wudil na taɓa ɗiga masa har mil bakwai kafin ya yi ja.

Yanzu lita 20 nake haɗawa a tashi ɗaya. Ga irin man Goggo, metanol lita huɗu, soda giram 110. Da ƙaramin sikeli irin na masu zinare nake auna sodar, kuma da sauri, don tana shan laimar iska, da damina kana kallo za ta fara jiƙewa. In zuba ta a jarkar metanol, in rufe, in riƙa juya jarkar a hankali. Takan yi ɗumi da kanta, sai in ɗan sassauta murfi iska ta fita, fuskata a gefe, in sake rufewa, har sai babu ƙwaya ɗaya a ƙasa. Man kuma in bar shi ya huce zuwa digiri 55, da ma'aunin zafi, ba da yatsa ba. Dalili, metanol a kusan digiri 65 yake tafasa, in man ya fi haka zafi sai ya tashi ya bi iska, kai kuma ka shaƙa. Shuɗin duron roba nake amfani da shi, mai murfi, na huda murfin na zura muciyar ƙarfe mai mariƙi. Tukunyar alminiyam ba ta shiga wannan aiki ko kusa, soda cin ta take yi. In juye man da haɗin sodar da metanol a ciki, in naɗe duron da tsohon bargo don ya riƙe zafi, in juya awa ɗaya cur, ni da ƙanena muna karɓa-karɓa.

A nan zan tsaya in yi magana da babbar murya. Metanol guba ne. Kamar ruwa yake a ido, ba shi da launi, ƙanshinsa kamar sifirit. 'Yan cokula kaɗan sun isa su makantar da mutum, ƙari kaɗan a kai ya kashe shi, kuma yana shiga ta fata da ta numfashi. Shi ne ya kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo a 2015, da ya shiga cikin abin da suka sha. In ya kama da wuta da rana, harshen wutar da ƙyar ake ganinsa, sai dai ka ji zafi. In kuma ya haɗu da soda, ƙuna yake yi a fata. Ni kafin in buɗe jarkar, sai na kashe murhu na yayyafa wa garwashin ruwa, inji a kashe, babu mai sigari ko daga nesa. A fili nake yi, bayan rumfa, iska na bayana, da safar hannu ta roba mai kauri da tabarau mai rufe gefe, ga bokitin ruwa a kusa. Jarkar a akwatin ƙarfe take kwana da kwaɗo, makullin a aljihuna. Ban taɓa zuba shi a gorar lemo ko ta ruwan sha ba, kuma ba zan yi ba. Gidan da akwai yara, wanda ba zai iya kiyaye wannan ba, don Allah ya bar aikin nan.

Sau ɗaya wani mai shago a birni ya sayar mini da metanol da aka yi wa algus da ruwa. Lita 20 ta man da na yi wata guda ina tarawa ta koma sabulu a dare ɗaya. Na zauna a gaban duron na rasa abin da ke mini daɗi. Tun daga ranar da sikelina nake zuwa saye. Litar metanol mai kyau giram 790 take yi da 'yan kai. In na auna na ga ta haura 800 sosai, in yi sallama in fita.

In komai ya tafi daidai, a bar duron ya kwana. Da safe in haska tocila ta gefe sai in ga layin a fili: ƙasa baƙi-baƙi mai kauri kamar maɗi, sama kuma ruwan zuma. In buɗe famfon da na sa a gindin duron, gilisarin ya fita a hankali, lita uku zuwa huɗu, da zarar launi ya sauya in rufe. Saura wanki, don akwai ragowar soda da sabulu da metanol a ciki, kuma inji ba ya son ko ɗaya. Wankin farko da lallashi ake yinsa. Ruwan ɗumi nake yayyafawa a sama da gwangwanin da na huhhuda, kamar mai ban ruwan irin tumatir, ba girgizawa. In ka yi garaje a nan sai duk ya haɗe kamar kindirmo, ka yi kwanaki kana jiran ya rabu. Ruwan farko fari yake fitowa kamar tsala. Na biyu ya ɗan washe. Zuwa na uku ko na huɗu sai ya fito garau. Daga nan in juye a faffaɗan baho in rufe da gidan sauro in bar wa rana, har sai na iya karanta rubutun jarida ta cikin kwalbarsa. Gwajin ƙarshe, mil uku nasa a cikin mil 27 na metanol, a girgiza. In ya narke tas babu ɗigon mai kwance a ƙasa, aiki ya yi. Daga lita 20 nakan tsira da 17 ko 18.

Ranar da na fara zuba shi a tanki, kashi ɗaya na sa cikin biyar, sauran gas. Na yi bisimilla na wana. Ya kama kamar kullum, tuf, tuf, tuf. Bayan 'yan mintoci wata yarinya da ke layi ta ɗaga hanci ta ce, "Yaya, suya ake yi a nan?" Hayaƙin salansa ya rage baƙi, ƙaurin nan mai shiga maƙogwaro ya ragu, sai wani ƙanshi kamar na bakin tasha da safe. Na tuna Baba, da tarin da ya yi ta fama da shi a shekarunsa na ƙarshe a cikin wannan rumfa, ƙurar gari ta gaba, hayaƙi ta baya. Sai da na fita waje na ɗan tsaya.

Kwana huɗu bayan haka inji ya fara shaƙewa yana mutuwa. Hankalina ya tashi, na ce na kashe gadon Baba. Bakaniken da ke duba mana shi tun ina yaro ya zo ya kwance filta, ya nuna mini: cike take da baƙin laka. Ya ce ba man ne ya kawo ta ba, dattin shekara da shekaru ne da ke manne a tanki, sabon man ya wanko shi. Muka sauke tankin muka ɗauraye, muka sa sabuwar filta. Bayan 'yan watanni kuma tsohon tiyon roba ya yi laushi ya fara gumi, don bayodizal yana cin irin tsohuwar robar nan, muka musanya da bututun ƙarfe. Yana kuma ɗan fi gas saurin ƙarewa, kusan kashi ɗaya cikin goma. Sai hunturu. Yawancin abin da ake kira man gyaɗa a kasuwa yanzu ba na gyaɗa ba ne, tataccen man kwakwar manja ne, irin mai barcin nan. Abin da aka yi da shi ma yana gadon barcin. Wata asuba a watan Janairu na tarar da jarkata ta yi gajimare, ƙasanta ya yi gudaji-gudaji. Tun daga nan, in sanyi ya shigo nakan rage shi a haɗin, in ajiye jarkar a ɗaki, da bazara kuma in kai har rabi da rabi.

To, mu dawo kan maganar Goggo.

A ƙasashen da ake yawan wannan sana'a, gidan abinci neman wanda zai ɗauke masa tsohon mai yake yi. A wurinmu ba haka ba ne. Litar man girki sabo ta fi litar gas tsada, saboda haka wanda ya sayi sabon mai don ya ba inji ya yi asara, ya kuma yi almubazzaranci da abinci. Tsohon man ma yana da kasuwarsa. Masu ƙuli-ƙuli man da suka soya ƙuli da shi shi ne hajarsu, man ƙuli ke nan, wanda ya fi kowane daraja. Masu waina ɗan shafawa suke yi a tanda, babu ragowa. Masu awara da fanke da dankali ƙari suke yi a kai har abada. Na masu kifi ne ke da yawa, ranar Juma'a in kasuwar Wudil ta ci nakan samu, amma tsaminsa ya yi yawa, sai na surka kaɗan a cikin mai kyau. Akwai hanyar da ake fara gyara irinsa da asid mai ƙarfi, ni ban shigo da ita ba, gubar da nake kulle da ita a akwati ta ishe ni.

Da kuɗi ban shawo kan Goggo ba, da markaɗe ne. Na ce duk kwalba biyar da ta tara mini, waken mako guda kyauta zan markaɗa mata, kuma nata ne farko a layi da asuba. Ta yi lissafinta a zuci ta ce a gwada. Ita da kanta ta san ƙosai ya fi shan mai in man ya tsufa, ya fito baƙi da nauyi, na sabon mai kuwa ya fito ja ya tashi. Bayan ita sai mai awara ta ƙofar makaranta, sai mai shayi da ke soya ƙwai da doya. A wata mai kyau nakan haɗa lita 30. Da azumi, da ƙosai ke tashi a kowace ƙofa, har 50 na taɓa samu. Injin kuwa lita ɗaya da wani abu yake sha a awa. In ka lissafa, abin da nake haɗawa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ko shida na buƙatata ba. In ka cire kuɗin metanol da na mota zuwa birni da markaɗen da nake yafewa, abin da ke saura kaɗan ne, watan da metanol ya yi tsada ma a tutar babu nake tashi. Amma ɗan kaɗan ɗin nan ya sa sau biyu gas ya tashi ban ƙara kuɗin kwano ba. Duk wanda ya ce maka da man ƙosai za ka rabu da gidan mai a ƙauye, bai taɓa zagaya kaskon garinsu da jarka ba.

Gilisarin ɗin ma ba a zubarwa ko'ina. Akwai metanol da soda a jikinsa, ga ɗan zaƙi-zaƙi da ke jan dabba. A baho nake shanya shi makonni a bayan danga, da ragar waya a kai saboda awaki da kaji. In ya sha iska sosai, maiɗakina ta ƙara masa ruwan soda ta yi baƙin sabulu. Ba na wanka ba ne, ba kuma na kwanuka ba, amma a wajen cire baƙin mai daga hannu da kayan aiki ban ga kamarsa ba. Bakanikenmu duk zuwa sai ya tambaya. Ruwan wankin kuma rami na haƙa masa nesa da rijiya.

Akwai wata dattijuwa a bayan layinmu, mijinta ya rasu, jikoki huɗu take riƙo. Ashe tana cikin masu jiran kwalbar Goggo. Da shi take yi wa yaran garau-garau, mai da yaji. Ban sani ba sai ranar da ta tare ni a hanyar masallaci. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, sannan ta ce, "Ɗana, ashe kai ne ka hana mu mai?"

Na rasa bakin magana. Na san abin da ke cikin man nan. Man da ya sha wuta har ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun kafin ya yi zafi, ya riga ya lalace, abubuwan da ke taruwa a cikinsa ba na cikin ɗan Adam ba ne. A ƙasashen Turai da dama doka ce, in lalataccen ɓangaren mai ya kai wajen kashi 25 cikin 100, dole a daina suya da shi. Na fara yi mata bayani, ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba.

"Na ji. Amma da babu gara ba daɗi. Gayan shinkafa za su ci?"

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ni na ɗauka ina raba cikin mutane da cuta ne, ban lissafa cewa akwai tukunyar da za ta kwana babu maiƙo ba. Har yau ina kan ra'ayina cewa wannan man wurin inji ya dace, ba wurin yara ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin abin da ke kwantawa a ƙyallen tata zai fahimce ni. Sai dai ra'ayina ba ya zama miya a kwanon kowa. Washegari na je wurin Goggo muka sake magana. Na ce wanda ya ɗan yi duhu kawai ta ci gaba da ba masu saye kamar da, ni ta ajiye mini na ƙarshe, mai kumfar, wanda ita ma ba za ta so jikanta ya ci ba. Hakan ya rage mini mai, ya kuma ƙara mini cin soda, don na ƙarshen ya fi tsami. Dattijuwar kuma na ce niƙanta ya zama nawa, kuɗin da za ta ba ni ta ƙara ta sayi man ƙuli ko na ludayi ɗaya ne. Ta yi godiya, ta sa albarka. Ko tana sayen, ko kuɗin na tafiya wurin magani da sabulu, ban tambaya ba. Kuma na san ba ita kaɗai ba ce a garin, ita ce dai ta iya tare ni.

Jiya da yamma jikar tata ta kawo gero kwano biyu. Tana tsaye tana kallon duron da ke naɗe da bargo a bayan rumfa, ta ce mene ne a ciki. Na ce man Goggo ne yake kwanciya, kada ta matsa kusa. Na niƙa mata, na ɗora mata a ka, na bi ta da kallo har ta sha kwana. Sannan na koma na duba kwaɗon akwati, na jawo jarkoki biyu na kai bakin rijiya, don gobe da sassafe akwai wankin farko.